Siminti Mai Ɗinke Tsagarsa Da Kansa: Ina Amfaninsa Ga Mutanen Gombe?

Yau filin namu a Gombe zai ya da zango, kuma zancen da za mu yi zancen bango ne da tsagarsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a ginin zamani na siminti da rodi, abin da ke biyo tsaga ya fi ƙadangare ɓarna nesa ba kusa ba, domin kuwa ruwa ne ke shiga, ya tarar da rodin da ke kwance cikin kankare, ya sa masa tsatsa. Ƙarfe kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya tunkuɗo kankaren da ya lulluɓe shi, tsagar da a da ba ta fi silin gashi ba ta zama wadda yatsa zai shiga. Da haka gada ke tsufa tun ba ta kai shekarun tsufa ba, da haka kuma kwalbati ke burmawa da tsakar damina.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani abu da na gani da idona a gidan wani ƙanena da ke zaune a gefen garin Gombe, inda famfo bai kai ba tukuna. Kamar yadda mutane da yawa ke yi a can, ya gina tankin siminti a tsakar gida, rabinsa cikin ƙasa rabinsa a waje, don ya riƙa sayen ruwan tanka yana zubawa. Kwana biyu da cika shi sai ga wata siririyar tsaga a jikin bangon, ruwa na tsattsafowa kamar gumi. Wanda ya san kuɗin tankar ruwa a Gombe cikin bazara ya san wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Aka kirawo wani dattijon magini, ya zo ya shafa wurin da tafin hannunsa, ya duba, ya ce, "Malam, ku ƙyale shi, kada ku bari ruwan ya ƙare a ciki. Wannan da kansa zai kama." Na ce, "Baba, bango ne fa, ba fatar mutum ba." Ya yi dariya ya ce in dawo bayan mako uku. Da na koma sai na tarar wurin ya bushe ƙayau, wani farin zare kamar an ja alli ya bi tsagar daga sama har ƙasa.

Dattijon nan bai shiga aji ba, amma abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma masana a ƙasar Faransa sun lura da shi tun shekarar 1836 a jikin bututun ruwa da wuraren tara ruwa. Don mu gane dalili, sai mu fara gyara wani kuskure da yawancinmu muke yi. Mun ɗauka siminti bushewa yake yi kamar yadda laka ke bushewa a rana. Ba haka abin yake ba. Siminti shan ruwa yake yi, ruwan ya shiga jikinsa su zama abu guda, su rikiɗa su koma dutse, shi ya sa kankare ke iya sandarewa ko a ƙarƙashin ruwa. Har ila yau, ba dukkan ƙwayoyin simintin ne ke samun rabonsu na ruwa ran da aka kwaɓa ba, akwai waɗanda ke saura a ciki da ƙishirwarsu shekara da shekaru. In tsaga ta ratsa ta kansu, ruwa ya biyo ta, sai su farka su ci gaba da aikin da suka bari. Sa'an nan kuma akwai wata farar ƙasa da ke cikin kankare, wadda ruwa ke narkarwa ya fito da ita bakin tsagar, ta gamu da iskar kabon, watau irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ta daskare ta zama dutse. Wannan shi ne farin zaren da na gani, kuma shi ne ya fi yin aikin toshewar. Abin sha'awa, irin wannan dutse ne ake haƙowa a Ashaka, kusa da Bajoga, a ƙona shi a yi siminti tun da masana'antar ta fara aiki a 1979. Watau dai a cikin tsagar simintin ya koma asalinsa.

Amma fa wannan warkewa tana da iyaka. Tsagar sai ta kasance siririya ƙwarai, wadda faɗinta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, watau kaurin silin gashi biyu ko uku. Sai kuma ruwa ya zauna a wurin kwana da kwanaki, kuma kada ya zo da ƙarfin da zai wanke abin da ya fara taruwa. Tankin ƙanena ya cika waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa ya warke. Bangon da ruwan sama ke duka na awa guda rana ta fito ta busar da shi ba ya samun wannan gata. Tambayar da masana suka daɗe suna yi wa kansu ita ce, yaya za a yi a tsare ruwa a cikin tsaga har siminti ya gama ɗinkinsa? Amsar da waɗansunsu suka samo ta fito daga inda ba wanda ya yi zato, watau daga ƙunzugun jarirai na zamani, wanda mata ke kira famfas.

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ƙunzugu ya yage bayan ya jiƙa, ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi masu santsi kamar dafaffen sitaci. Kafin su jiƙa gari ne fari, mai kama da gishiri ko sukari. Dangin roba ne, daga sinadaran man fetur ake yin yawancinsa yanzu, Turawa kuma suna taƙaita sunansa da haruffa uku, SAP. Mu a nan bari mu kira shi garin sha-ruwa. Kowa ya san yadda garin kwaki ke kumbura in an jiƙa shi, to wannan ya ninka shi ba adadi: giram ɗaya yana iya zuƙe ruwa mai tsabta da ya ninka nauyinsa sau ɗari uku ko fiye, ya riƙe shi kam, ko an matsa ba ya saki da sauƙi, kuma ba ya narkewa. Ma'aikatan binciken aikin gona na gwamnatin Amurka ne suka fito da irinsa na farko da ya yi suna, a garin Peoria, a farkon shekarun 1970, daga sitacin masara, da nufin taimakon ƙasar noma ta riƙe laima. Mutanen Japan suka fara sa shi cikin kayan tsabtar mata a 1978, cikin shekarun 1980 kuma ya shiga ƙunzugun jarirai ya game duniya.

Shigarsa cikin siminti ta zo daga baya. A shekarar 2001 waɗansu masana biyu na ƙasar Danmak, Ole Mejlhede Jensen da Per Freiesleben Hansen, suka buga bincikensu a kan zuba garin cikin kwaɓin siminti. Su ba ɗinkin tsaga ne a gabansu ba a lokacin. Abin da suke nema shi ne yadda za a shayar da kankare daga cikin cikinsa, domin kankare mai ƙarfi ƙwarai, wanda ake kwaɓawa da ruwa kaɗan, yakan shanye ruwansa ya tsuke ya tsage tun yana ɗanye. Dabarar ta yi aiki, har aka yi amfani da ita wajen gina wata rumfar baje koli a garin Kaiserslautern na Jamus lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2006. Daga nan ne hankali ya koma ga amfaninsa na biyu.

Ga yadda abin ke gudana, kuma ina roƙon mai karatu ya bi ni a hankali, don a nan hikimar take. Garin sha-ruwa yana da wata ɗabi'a: ruwa mai tsabta yake sha ya ƙoshi, ruwa mai gishiri ko kanwa kuwa kaɗan yake iya ɗauka. Ruwan kwaɓin siminti cike yake da gishiri iri-iri, saboda haka ran da aka kwaɓa, kowace ƙwaya ninki goma ko ashirin kawai take sha, ko abin da ya ɗara haka kaɗan. Yayin da simintin ya fara sandarewa ya ji ƙishirwa, sai ya tsotse wannan ruwa daga jikin ƙwayoyin, su motse su koma ƙanana, kowace ta kwanta a cikin ɗan ramin da ta bari. Haka za su zauna, ko shekara nawa ne. Ran da bangon ya tashi tsagewa, tsaga takan nemi wuri mai rauni ta bi, waɗannan 'yan ramuka kuwa su ne wurare masu rauni, don haka ta kansu take ratsawa. In ruwan sama ya shigo, shi ba shi da gishiri irin na kwaɓi, sai ƙwayoyin su kumbura fiye da kumburinsu na farko nesa, su cika raminsu su tumbatso cikin tsagar su toshe ta cikin ɗan lokaci, kamar yadda katakon kwalekwale ke kumbura ya rufe kafarsa in ya kwana cikin kogi. Wannan toshewa ce kawai, ba warkewa ba. Warkewar tana zuwa ne bayan an ɗauke ruwa, sa'ad da ƙwayoyin ke sakin abin da suka sha sannu a hankali, suna shayar da bakin tsagar, har farin dutsen nan ya samu sukunin tsirowa ya haɗe ɓangarorin biyu.

An gwada wannan a wurare da dama. A kwalejin Imperial da ke Landan, masana uku, Lee da Wong da Buenfeld, sun buga sakamakon gwajinsu a 2016, inda suka nuna cewa a tsaga mai faɗin kashi uku cikin goma na milimita, garin ya rage jimlar ruwan da ke wucewa da kashi 98 daga cikin 100. Amma su da kansu sun yi gargaɗi cewa yawan garin da suka zuba ya rage wa simintin ƙarfi ƙwarai. A Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam kuwa, Didier Snoeck da shugabar bincikensa Farfesa Nele De Belie sun bi wata hanya dabam. Sun rage garin zuwa kashi 1 daga cikin 100 na nauyin siminti, watau rabin kilo a buhu mai kilo 50, sa'an nan suka haɗa shi da waɗansu siraran zaruruwa na roba. Aikin zaren shi ne ya riƙe bakin tsaga kada ta buɗe, maimakon babbar tsaga guda sai a samu ƙanana da yawa, waɗanda kowace tana cikin iyakar abin da siminti zai iya ɗinkewa. Da suka riƙa jiƙa samfurorin suna busarwa, suna jiƙawa suna busarwa, sai ƙananan tsagogin suka rufe, har wani kashi na ƙarfin ya dawo. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, da suka ajiye su a ɗaki mai laima kawai ba tare da ɗigon ruwa ba, waɗanda ke da garin sun ɗan warke, domin garin yana zuƙo laima daga iska, waɗanda ba su da shi kuwa ko gezau.

Da na karanta zancen zaren nan sai na tuna da laso. Matasan yanzu ba su san shi ba, amma shi ne simintin kakanninmu, da shi ake shafe rufin soro da cikin rijiyoyin marina irin na Ƙofar Mata a Kano don kada ruwa ya ratsa. Da me ake haɗa shi? Da katsi, watau ƙonannen dagwalon marina, da ruwan dafara mai yauƙi, da gashin jima da ake kankarowa daga fata a majema. Gashin nan aikin da yake yi shi ne ainihin aikin da zaren Ghent ke yi. Haka nan ciyawar da ake tattakawa cikin ƙasar gini. Ban ce magabatanmu sun san garin sha-ruwa ba, amma sun san cewa bango abu ne da ke motsi, mai bukatar abin da zai riƙe shi daga ciki, sun kuma san ana bin sa da yaɓe da makuba kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Da siminti ya zo sai muka ɗauka mun sami abin da ba ya bukatar kulawa har abada, muka yar da wancan ilmi ba mu ɗauki na sabon ba.

To, yanzu mu komo Gombe. Wanda ya san garin ya san a cikin kwari yake zaune, tudun Akko na yamma da shi, duk ruwan da ya sauka a can sama ta cikin gari yake bi ya nufi gabas. Ƙasar kuma yawancinta rairayi ce marar danƙo. Tun da aka mai da hedkwatar masarautar nan a 1919 garin ke girma, amma bunƙasar da ya yi bayan an ƙirƙiro Jihar Gombe ran 1 ga watan Oktoba 1996 ta wuce misali: gonaki sun zama unguwanni, an sare itatuwa, rufin kwano da kwalta sun hana ƙasa shan ruwa. Sakamakon haka shi ne kwazazzaban da suka keta gari suna cin gidaje, da ambaliya irin ta watan Agusta 2004 wadda har yau mutanen garin ba su manta da ita ba. Daga 2019 zuwa yau an kashe kuɗi masu yawa, da taimakon Bankin Duniya, wajen ɗaure waɗansu daga cikin kwazazzaban nan da kankare, kamar wanda ya taso daga wajen Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta Malam Inna da Kagarawal, da kuma na wajen Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya. Waɗannan manyan magudanai dukiyar jama'a ce, kuma bashi ne a wuyan 'ya'yanmu.

Magudanar kankare kuwa ba abin da ke kashe ta kamar ƙaramar tsaga. Ruwa ya bi ta tsagar ya shiga bayan bango, ya riƙa kwashe rairayin da bangon ya jingina da shi kaɗan-kaɗan, a waje kana ganin gini lafiya lau alhali bayansa kogo ne. Ran da babban ruwa ya zo sai falle guda ya rufta, ruwa ya samu hanya, kwazazzabon da aka ɗaure ya kwance. A ganina, in akwai wurin da garin sha-ruwa zai yi amfani a Gombe, to irin wannan wuri ne, tare da kwalbatoci da tankunan ruwa da hanyoyin ban-ruwa na noman rani irin na Daɗin Kowa. Dalili kuwa shi ne daminarmu ta yi daidai da abin da aka gwada a Ghent: yau a yi ruwa, gobe a yi rana, jibi a sake yin ruwa, daga Yuni har Satumba. Jiƙewa da bushewa bi da bi shi ne abincin wannan warkewa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Beljiyam ƙasa ce mai laima kusan duk shekara, mu kuwa muna da wata shida ko fiye da ba a ɗiga ko ɗigo. Cikin hunturu laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 daga cikin 100, alhali mafi ƙarancin laimar da aka ga garin ya yi aiki da ita a gwajin Ghent kashi 60 ce. Ma'ana, tsagar da ta buɗe a watan Nuwamba haka za ta zauna baki buɗe har ruwan farko, kuma kafin nan ƙurar hunturu ta cika ta. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, lokacin da kankare ke miƙewa da rana ya tsuke da dare, bakin tsagar yana buɗewa yana rufewa kullum. Wannan jarrabawa ce da garin bai ci ba tukuna sai an yi masa ita a ƙasarmu.

Saboda haka ni a nawa ra'ayin, amfanin garin na farko, wanda mutanen Danmak suka nema, ya fi na biyun muhimmanci a gare mu. Mu tambayi kanmu, daga ina yawancin tsagogin gine-ginenmu ke fitowa? Daga ƙishirwa. Ƙa'ida ita ce sabon kankare ya zauna a jiƙe aƙalla kwana 7, a lulluɓe shi da buhuna ko yashi mai laima, domin sai ya kwana 28 ne ake lissafin ya kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa. Amma a garin da ake sayen ruwa da tanka, wa ke yin haka? A zuba kankare da hantsi cikin iskar hunturu, kafin la'asar fuskarsa ta yi tsage-tsage kamar busasshen tabki, washegari yaro ya watsa masa bokiti biyu a ce an ba shi ruwa. Daɗin daɗawa, leburori sukan tsuga ruwa cikin kwaɓi don shebur ya yi sauƙin shiga, wannan ruwan da ya yi yawa kuwa in ya ƙafe ramuka yake bari. Watau muna ba siminti ruwa lokacin da ba ya so, muna hana shi lokacin da yake so. Garin da zai ɓoye ruwa a cikin kankare ya riƙa sakar masa a kwanakin farko zai rage wannan ɓarna, ko da yake ba zai ɗauke wa kowa wajibcin ban-ruwa ba.

Akwai kuma farashin da ake biya, ban da na kuɗi. Rabin kilon nan da ake zubawa a buhu guda zai sha ruwa lita biyar zuwa goma ran kwaɓi, kuma duk inda ruwan nan ya zauna rami ne zai saura. In aka ƙara ruwan daidai, ƙarfin da za a rasa kaɗan ne. In aka wuce gona da iri, an yi kankare mai kama da soso. In kuma ba a ƙara ba, garin zai ƙwace ruwan kwaɓin ya bar shi ya yi tauri ya ƙi zubuwa. Aiki ne na ma'auni da sikeli, ba na ƙiyasi da kwano ba. Girman ƙwayar ma da irin sinadarinta suna da tasiri, domin akwai wadda ke sakin ruwanta tun siminti bai nema ba. Wani malamin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, Dokta Babatunde Olawuyi, ya yi bincike a kan waɗannan 'yan ramuka a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu tare da Farfesa Boshoff, suka buga shi a 2017, saboda haka ba za a ce ba mu da masu sanin abin a gida ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta filin nan ya je ya farke famfas ya zazzage cikin kwaɓin ginshiƙin gidansa. Wanda ya yi haka ya raunana gininsa da hannunsa, kada ya ce ni na sa shi.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da garin ba zai iya ba, don na san halinmu da son maganin da ke warkar da kowace cuta. Tsagar da tsinken ashana zai shiga ta fi ƙarfinsa. Tsagar da ta taso daga tushe ta haura a karkace ta nufi kusurwar taga, wannan ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashin gini, ko don kwazazzabo ya matso, ko don an yi gini a kan baƙar laka irin ta wajen Deba, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani. Irin wannan injiniya take bukata, tun kafin a haƙa tushe. Haka nan bulon da aka buga da yashi tsagwaro aka nuna masa siminti daga nesa, da ginshiƙin da aka rage wa rodi, da benen da aka ɗora wa hawan da ba a shirya masa ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Ikko ran 1 ga watan Nuwamba 2021, da makarantar da ta rufta da ɗalibai a Jos ran 12 ga watan Yuli 2024, ba siririyar tsaga ce ta kayar da su ba, kuma babu garin da zai tsai da su. Tun ran gini ran zane.

Abin da nake kira a yi ba mai tsada ba ne. Muna da masana'antar siminti a Ashaka cikin jiharmu, muna da Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya da ke koyar da aikin gini a cikin garin Gombe, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi maƙwabciyarmu, ga kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa da aka kafa tun 1978 don irin wannan aiki. In za a sake ba da kwangilar wata magudana, a keɓe 'yan mitoci kaɗan a wurin da ba shi da hatsari. A zuba falle guda da kankare na yau da kullum a ba shi ruwa yadda aka saba, a zuba na biyu a ba shi ruwa na kwana 7 cur bisa ƙa'ida, a zuba na uku da garin sha-ruwa. Sa'an nan a sa ɗalibai su riƙa zuwa da ma'auni da littafi kowane wata, suna ƙirga tsagogi suna auna faɗinsu, har a ga hunturu biyu da damina biyu. Falle na biyun nan shi ne alƙalin gwajin, domin mai yiwuwa ne a tarar cewa tankar ruwa biyu da buhunan lulluɓi sun yi aikin da garin da aka sayo da kuɗin waje zai yi. In haka ta fito, mun huta da sayensa. In kuma garin ya nuna fifiko, to a lokacin ne za a zauna a yi lissafin kuɗinsa a kan kuɗin gyaran da zai hana.

Kafin in rufe, bari in ƙarasa muku labarin tankin ƙanena. Da rani ya tsananta aka yi makonni ba a samu tanka ba, tankin ya ƙafe sarai, rana ta gasa shi. Da aka sake cika shi, tsohuwar tsagar mai farin zare ba ta yi ko gumi ba, amma wata sabuwa ta fito a kusurwa, mai faɗin da farce ke shiga. Muka jira mako uku, muka ƙara uku, ruwa bai daina zuba ba. Dattijon ya dawo ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Wannan kam ta fi ƙarfin haƙuri, Malam, a kawo kurfi da guduma." Aka kwashe ruwan, ya sassaƙe bakin tsagar ya faɗaɗa ta, ya cike da sabon kwaɓi mai siminti sosai, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya kuma kafa wa yaran gidan doka cewa safe da yamma a jiƙa buhun nan har kwana bakwai, ko da ruwan alwala ne za a rage.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.